Baba Ya Rasu Ya Bar Shago da Littafin Bashi

Filin Tambaya da Amsa

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, duka daga gidajen da aka yi rashin maigida ɗan kasuwa. Malaman da ke rabon gado, da dattawan kasuwa, da masu aikin rijiya ne suka taru a kan amsoshin. Mun sakaya sunayen masu tambaya.

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa makonni biyu da suka wuce. Ɗan tireda ne, shagonsa na bakin masallacin Juma'a a ƙauyenmu, ya haura shekara talatin yana buɗewa da an idar da sallar asuba. Duk garin nan da wuya a sami gidan da bai taɓa karɓar sabulu ko sukari ko gishiri a wurinsa a kan sai an samu ba, kuma ban taɓa ganin ya aika yaro bin bashi gidan da ake takaba ba. Ranar jana'izarsa har daga rugage aka zo. Ya bar mata biyu, da mahaifiyarsa, da mu 'ya'ya goma sha ɗaya, maza shida mata biyar. Huɗu ba su balaga ba, maza biyu mata biyu. Yanzu baffanninmu sun ce a yanka sa ranar arba'in daga kuɗin shago, kuma a yi shela an yafe wa duk wanda Baba ke bi, don ladan ya isa gare shi. Ni ma zuciyata ta kwanta da hakan, domin halinsa ke nan. Shagon yana kulle tun ranar rasuwa, makulli na hannuna. Ta ina zan fara?

Babban ɗa, daga ƙasar Ringim, Jigawa

AMSA

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ku haƙurin rashi. Wannan shaida da mutane suka yi masa abin godiya ce ga Allah.

Amma ɗan'uwa, ka dakatar da maganar sa, ka dakatar da shelar yafiya. Daga lokacin da rai ya fita, abin da ke cikin shagon nan ya tashi daga hannun Baba, kuma bai zama naka ba don makulli na wurinka. Shari'a ta jera abin da ake fitarwa daga dukiyar mamaci: kuɗin likkafani da binnewa, sai bashi, sai wasiyya in ya bar ta, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku kuma ba a yi wa mai gado. Abin da ya saura shi ne gado. Sadakar arba'in ba ta cikin jerin nan. Malamai sun saɓa a kan taron uku da bakwai da arba'in, amma babu wanda ya halatta a ciyar da baƙi da rabon maraya. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikkunansu, kuma kana da ƙanne huɗu da ayar nan ke karewa. In ana son sa, ku manya ku haɗa daga aljihunku, baffanni ma su sa hannu. Ka faɗa musu da ladabi, in ya yi maka nauyi ka roƙi liman ya faɗa.

Ka fara da bashin da ake bin Baba. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, balle ɗan tireda da rabin kayansa na kan kanta na 'yan sari ne. Liman ya yi sanarwa Juma'a biyu ko uku a jere, mai unguwa ya sani. Sanarwar ƙauye ba ta isa ba. Ka ɗauki wanda ya saba raka Baba sari, ku taka da ƙafarku zuwa wurin dilolinsa a kasuwar Singa, da Dawanau in yana taɓa hatsi, da Gujungu ranar Lahadi in yana cin kasuwar. Da yawansu sun zo ta'aziyya, kunya ta hana su magana, kuma ba za su yi ba sai kai ka tambaya. A mazhabarmu ta Malikiyya, bashin da aka ɗiba wa mutum lokaci yakan zama na biya nan take da zarar ya rasu. Wanda shi yake bin wasu kuwa yana nan a kan wa'adinsa, don haka manomin da ya karɓi kaya a kan sai kaka, ba a matsa masa kafin kaka.

Akwai abubuwan da ke cikin shago waɗanda ba na Baba ba ne tun asali, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Mutumin da gari ya amince da shi, shi ne bankin gari. Ka duba ƙasan durowa da cikin gwangwanayen madara da ke can lungu. Za ka iya tarar da kuɗi a ƙulle cikin leda, an ɗaure da kyauro, da 'yar takarda an rubuta suna da ajami: na wata tsohuwa mai tara kuɗin likkafaninta, na Bafulatanin da ya sayar da ɗan maraƙi, na asusun masallaci. Wannan ajiya ce, ana mayar wa masu ita cif, ba ta shiga lissafi. Haka man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da daddawar da iyayenku mata ko maƙwabta suka kawo a sayar musu. Ka tambayi kowace daga cikin iyayenka a keɓe ko ta taɓa ba shi kuɗin akuya ko na adashi ya sa a jari, kuma ko akwai ragowar sadakinta a kansa, domin duka biyun bashi ne. In yana zubin adashi, ka je wurin mai riƙe da shi. In ya riga ya kwasa, zubin da ya rage bashi ne a kansa. In bai kwasa ba, abin da ya zuba na magada ne. Yaron shago ma a biya shi haƙƙinsa da ya taru.

Wanda ya zo da da'awa babu takarda, kada ka ƙaryata shi a bainar jama'a, kada kuma ka biya don kunya. Ya kawo shaidu. In kuɗin da yawa a kai gaban alƙali, wanda bayan shaidu zai rantsar da shi cewa ba a biya shi ba kuma bai yafe ba, tunda mai kare kansa yana kabari.

Shagon kuma ya daɗe a kulle. Mako biyu ya isa ɓera ya huda buhun fulawa, gara ta hau katan, wasu kayan su wuce wa'adinsu, masu ciniki su saba da wani shagon. Ka buɗe cikin makon nan, amma ba kai kaɗai ba. A samu 'yan kasuwa biyu da ba su da gado, da wakili daga kowane ɗaki. A ƙirga komai, daga buhun sukari har ƙullin magi, a rubuta. Farashin da za a sa shi ne na sari a yau. In aka sa na sayarwa ɗai-ɗai, an kumbura dukiyar, wanda ya karɓi shagon zai cutu. In aka sa farashin da Baba ya saro watanni baya, an tauye sauran. Kayan da suka yi kwantai a ware su a yi musu kuɗi daban. A haɗa da kanta, sikeli, firji, janareta, babur, da ragowar kuɗin haya in haya yake. Kowa ya sa hannu, a yi kwafi uku. Daga ranar, duk abin da aka ɗiba na cefanen gida a rubuta shi da sunan ɗakin da ya karɓa. Iyayenka na da haƙƙin zama a gidan har su gama takaba, wata huɗu da kwana goma. In akwai mai juna biyu, takabarta sai ta haihu, kuma rabon gadon ma jira ake yi sai an haihu.

Wayar Baba ka adana ta, ka riƙa sa wa layin kati. Layin da aka bari watanni ba a amfani da shi kamfani kan karɓe ya sayar wa wani, ga shi asusun banki da na POS a jikinsa suke. Ko ka san lambar sirri, kada ka cire kuɗi a ɓoye. Banki zai nemi takardar shaidar rasuwa da takardar kotu mai nuna wanda aka ɗora wa alhakin dukiyar, ka bi ta nan.

Ga yadda rabon gidanku zai kasance. Ana kasa abin da ya saura kashi 24. Mata biyu su raba kashi 3, wato tumuni. Kakarku ta ɗauki kashi 4, wato sudusi. Kashi 17 na 'ya'ya ne, namiji biyu mace ɗaya, kuma maza shida da mata biyar sun cinye 17 daidai. A misali, in bayan bashi an sami N2,400,000, kowane kashi N100,000 ne: kowace uwa N150,000, kaka N400,000, kowane ɗa N200,000, kowace 'ya N100,000. Baffanni ba su da gado tunda akwai 'ya'ya maza. Duk da haka a yi rabon gaban malamin da ya san fannin ko a kotun shari'a, domin gona da gida da dabbobin da ke hannun masu kiwo duk sai an yi musu kuɗi.

Yanzu sai yafiyar da zuciyarka ke so, kuma tana da hanya. Bashin da ke littafin nan dukiya ce ta magada, kowane baligi na iya yafe rabonsa, amma babu mai yafe na yaro. Mu ce jimillar littafin N240,000 ce. Kowane kashi N10,000 ke nan, ƙannenka huɗu na da kashi 6, wato N60,000. Ku manya ku biya su wannan daga rabonku, sannan ku yafe duka da halalinku. Shawararmu ma kada a yi shelar gama-gari. Ku zauna da littafin, ku ware gwauraye da tsofaffi da marasa lafiya, waɗanda shi kansa ba ya aika musu, ku bi su gida ɗaya-ɗaya ku gaya musu a asirce. Mai hali da ke da shanu a turke ya biya, kuɗin marayu ne.

In kun yarda shagon ya ci gaba, kuma mu muna ganin ya ci gaba, to a rubuta rabon kowa a jarin, a yanka wa mai zama albashin wata, a riƙa ƙirga kaya duk wata uku gaban wakilan ɗakunan biyu. Abin da ke karya irin wannan shago sananne ne: gida biyu na ɗibar cefane babu rubutu, mai zama na ganin wahalarsa ce, sauran na ganin dukiyarsu ce, shekara ba ta zagayowa sai kanta ta koma kwalaye. Wanda ya ce a ba shi nasa, a ba shi, ko da kaɗan-kaɗan ne. Rabon yara ya zauna hannun wasiyyi ko wanda alƙali ya naɗa, a rubuce.

TAMBAYA

Mahaifina mai sayar da yadi ne, daga Kantin Kwari yake sarowa ya bi kasuwannin ƙauye. Ya aurar da mu mata bakwai bai taɓa barin ɗayanmu ta tafi da ƙorafi ba. An raba gado na karɓi nawa, ina so in yi masa abin da ladansa ba zai yanke ba. Maigidana ya ce rijiya, yayata ta ce bishiyoyi. Kuɗin ba su da yawa.

'Yar marigayi, daga ƙasar Dambatta, Kano

AMSA

Allah ya jiƙansa, ya yi miki albarka, 'yar'uwa. Duka biyun suna da asali. Da Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Annabi (SAW) sadakar da ta fi ga mahaifiyarsa da ta rasu, an ce masa shayar da ruwa, sai ya haƙa rijiya. Bishiya kuma, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi.

Tunda kuɗin kaɗan ne, kafin ki yi tunanin sabon haƙa ki sa a zagaya ƙauyen a ƙirga tuƙa-tuƙan da suka mutu. Yawancinsu ramin lafiya lau yake, abin da ya lalace ƙarami ne. In hannun ya yi sako-sako babu nauyi, sarƙa ce ta tsinke ko sandar ƙarfen ciki ta kwance. In sai an daɗe ana tuƙawa da safe kafin ruwa ya zo, bawul ɗin ƙasa ne ke yoyo ko bututu ya huje. In ruwan ne ya ragu, robobin silinda sun cinye. In hannun na kaɗawa gefe da gefe yana ƙara, boris ne. In ruwan na fitowa ja, tsatsar bututu ce. Duk waɗannan makanikin famfo na gyara su da kaɗan daga kuɗin sabuwar burtsatse, kuma wanda ya raya mataccen famfo ya shayar.

In sabuwa kike so, kada a haƙa sai an auna ƙasa an gano inda ruwa yake. Yawancin ƙasar Kano dutse ne a ƙarƙashi, ruwan a tsagogi yake, ana iya samu nan a rasa a taku hamsin. A yi yarjejeniya a rubuce da mai haƙa a kan wanda zai ɗauki asara in ba a sami ruwa ba, kuma kada a biya duka sai an ga ruwa ya tsaya. Rijiyar hannu a bazara ake haƙa ta, Afrilu zuwa Mayu, lokacin da ruwan ƙasa ya yi nisa. Wadda aka haƙa da kaka takan ƙafe da rani ya tsananta. A nisanta ta da masai aƙalla mita 30, a ɗaga bakinta, a yi mata murfi saboda yara, a zuba dandamalin siminti da magudana zuwa kwamin dabbobi. Filin kuma a rubuta kyautarsa gaban mai unguwa da dagaci, don kada wani ya zagaye shi da katanga gobe.

Abin da mutane ke mantawa shi ne kuɗin gyara. Ki ware wani abu tun yanzu, ki damƙa wa mutum biyu amintattu a unguwar, su riƙa sa giris a sarƙa suna ɗaure notuna. Famfon da ke ɗauke da allon sunan mamaci, an bar shi a mace shekara uku, abin baƙin ciki ne ga iyalinsa.

Yayarki ma kada a watsar da shawararta, don bishiya ba ta cin kuɗi, kulawa take ci. Darbejiya ta fi jure fari, mangwaro na son ruwa. A dasa a Yuli in damina ta zauna, rami kamu ɗaya faɗi da zurfi, a cakuɗa ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a yage ledar kafin a binne. A yi keji na ƙaya ko tubali, in ba haka ba awaki sun gama da ita a mako guda. Rani biyu na farko sai da ban-ruwa. Shi ya sa ya fi kyau a dasa kaɗan a bakin magudanar famfon nan, ruwan da ke zuba ya raine su.

TAMBAYA

Ni ne auta, ina aji biyu a kwalejin ilimi. Babanmu ɗan hatsi ne, duk Juma'a yana kasuwar Wudil. Ina so in rubuta tarihinsa don jikoki su san shi, amma ko shekarar haihuwarsa babu wanda ya sani. Yaya zan yi?

Auta, daga ƙasar Gaya, Kano

AMSA

Allah ya jiƙan Baba, ya yi maka jagora, ɗanmu. Ka fara da wanda ya fi tsufa, gwaggo ko kawu ko abokin tasowarsa, domin su ne ba su da lokacin jira. Iyaye mata a bar su su fita takaba tukuna, kuma kowace a ɗakinta, ba a haɗa su.

Kada ka ce "ba ni labarin Baba", za a ce maka mutumin kirki ne a yi shiru. Ka tambayi abin da ake iya gani. Wa ya ba shi jarin farko, tiya nawa? Da jaki ya fara ko da keke? A wace rumfa yake zama, wa ke gefensa? Wace shekara ya karye, wa ya ɗaga shi? Me yake shigowa da shi gida ranar kasuwa? Ka ɗauki murya a waya da izininsu, ka faɗi sunan mai magana da kwanan wata a farko, kada zama ya wuce rabin awa. Ka kwafe a wuri biyu a ranar, waya na faɗawa ruwa.

Shekaru kuma da abubuwan da suka faru ake kamo su. An sami 'yancin kai a 1960. An naɗa Sarkin Kano Ado Bayero a 1963. An kashe Sardauna a Janairun 1966, yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Canjin hannun tuƙi a 1972, fam ya koma naira a 1973, shekarar da fari ya tsananta. An kashe Murtala a Fabrairun 1976, rikicin Maitatsine a Disambar 1980, canjin launin kuɗi a 1984, an cire Jigawa daga Kano a 1991. In gwaggo ta ce an yi masa kaciya shekarar da aka kashe Sardauna, ga ka da ƙiyasin haihuwa, sai ka rubuta "wajen" kafin shekarar. Duk labarin da mutum ɗaya ne ya faɗa, ka nemi na biyu.

Ka tattara takardu: rasit, katin zaɓe, fasfon Hajji, takardar gona, littattafan ciniki. Ka ɗauki hoton kowane shafi da rana a inuwa. Na ajami ka kai wa alaramma ya karanta maka, don kowane ɗan kasuwa na da alamominsa na buhu da tiya. Sunayen waɗanda ya bi bashi ba sa fita daga gida, ba a littafin ba, ba a Facebook ba. Rigimar dangi da ta mutu ka bar ta a mace, an hana zagin matattu. Haka kuma kada ka ƙara masa abin da bai yi ba, aikinsa na gaskiya ya isa.

Abokansa na Wudil kuwa ka je musu da goro da sabulu, ko ba don rubutun ba. Muslim ya ruwaito daga Ibnu Umar cewa mafi girman biyayya ita ce mutum ya sadar da zumuncin masoyan mahaifinsa bayan ya wuce. Ka je da hantsi kafin ciniki ya kankama, ko bayan la'asar in an fara ɗaure buhuna.

In ka gama, ka karanta wa yayyenka su gyara kafin a buga. Shafi ashirin ya wadatar. A buga wa kowane ɗaki kwafi, har da na 'yan'uwa mata da ke gidajen aure. Ainihin takardun a sa a leda, a rufe a akwatin ƙarfe, a ɗora a bisa saboda gara da danshin damina.